Mai Faifan Tana Gida

Asubar Asabar muka tashi, ni da taubashina, ana sallame salla. Sanyi yana cizon kunne, ko hannu mutum ba ya son fitarwa daga aljihu. Ni kuwa ban samu wannan gata ba, domin a kaina akwai ƙunshin faya-fayai da aka naɗe da tsohon zane, a kafaɗata kuma buhun muciyoyi da cokulan itace. Faya-fayan daga gidana suka fito. Muciyoyin nasa ne, shi ya sassaƙa abinsa, amma da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, ya ce tun zamanin kakanni bawa ke ɗaukar kayan ubangidansa. Ya wuce gaba cikin rigar sanyi yana taku ɗai-ɗai, ina biye. Ban yi musu ba. Na san kafin mu dawo zan rama.

Wudil muka nufa. Malaminmu na ajin yaƙi da jahilci, inda mu biyun muke zama bayan la'asar da furfurarmu muna haɗa baƙi da wasali, shi ya kawo mana labarin. Ya ce wasu malaman jami'a sun haɗa kai da masu sana'ar hannu na garin, za su yi baje kolin lokacin sanyi a wani fili kusa da kogi. Kowa ya kawo aikin hannunsa, ba kuɗin rumfa. Ya ƙara da cewa za a zaɓi wasu mata masu sana'a, a riƙa karɓar kayansu a kai a kai ana kai wa wani shago, su kuma riƙa koya wa ɗalibai. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fitar da ni cikin sanyin nan.

Ga dalili. 'Yata ta fari mijinta ya rasu ana cikin girbi. Aka dawo da ita gidana ita da 'yarta ƙarama, tana takaba. Tun da ta zauna ba ta da aiki sai saƙar faifai. Da hantsi ta fito ta ba rana baya, kaba jiƙe a kwano, basilla a hannu, sai kiran azahar. Ta iya tun tana yarinya, amma abin da hannunta ke fitarwa yanzu daban yake. Sai dai dillalin da ke zuwa ƙauyenmu kuɗi ɗaya yake sa wa kowane faifai, mai ado da marar ado, kuma kuɗin da kyar yake sayen sabulu. Shi ya sa da ƙanwar uwarta ta aiko daga Kano cewa ta samo mata aikatau a wani gida, ta amsa. Tana fita takaba za ta tafi, ta bar mana yarinyar. Ni ban so ba. Amma ban ga yadda zan ce kada ta tafi alhali ba ni da abin da zan aje mata a madadinsa ba. Na ce a ɗaure mini kayan in je in gwada.

Ba za ku ji sunanta daga gare ni ba. 'Yar fari ce, kuma sunan marigayiya mahaifiyata aka raɗa mata. Mutanen gari Ummi suke ce mata. Ni ko wannan ban cika kamawa ba. In ina nemanta sai in ce ina yarinyar nan, kowa ya san wadda nake nufi. Haka na ga mahaifina ya yi da yayana, haka na tashi ina yi. Da zan fito ta leƙo daga ƙofar ɗaki, ta ce in ba a saya da daraja ba in dawo mata da su, musamman babban. Na ce to.

Daga ƙauyenmu zuwa bakin titi a Darki tafiyar ƙafa ce mai ɗan dama. Gonaki duk an kwashe, sai tarin kara tsaitsaye kamar bukkoki, da shanun Fulani suna kalen abin da ya rage. Muka iske tasha ta fara motsi. Direbobi da 'yan kamasho sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi, wata dattijuwa tana suyar ƙosai a gefe. Muka sha koko mai zafi wanda ya ji citta. Ƙosan bana sun rame, loma guda ka gama da ɗaya. Taubashina ya ɗaga nasa ya duba a hasken wuta, ya tambayi dattijuwar ko wannan ɗan ƙosai ne, uwar tana gida. Ta ce uwar tana wajen mai wake, in yana da kuɗi ya je ya fanso ta.

Motar da muka samu ƙarama ce, huɗu a baya biyu a gaba, bayanta cike da kwandunan tumatir. Direba ya ce a ɗora kayana a kan tumatir a ɗaure da igiya. Na ƙi. Igiya za ta karya bakin faifai, ruwan tumatir ya ɓata rini. Ya ce to sai in biya kuɗin kujera guda. Na ce a cinyata zan ɗora, cinyar kuwa na riga na biya mata. Muka yi ta ja. Ban ɗaga murya ba, ban kuma sauka daga maganata ba, har ya gaji ya ce in shiga. Na zauna tsakiya, tsakanin wani mai jiki da wani mai bargo, ɗumi ta ko'ina. Ubangidana kuwa ya ce gaba zai zauna kamar yadda ya dace da matsayinsa. Ashe gilashin ɓangarensa ba ya rufuwa. Har muka isa ban ji ya ƙara cewa bawa ba, haƙoransa ne kawai ke magana.

Hanyar ba ta da nisa. Muna matsowa gari ƙasa ta sake launi, daga busasshen fili zuwa lambuna kore shar, albasa da tumatir da tattasai, injinan ban ruwa na ta tari. Wudil ta riga ta farka. Manyan motoci jere a bakin titi, masu rake sun jingina kayansu, masu shayi ba sa ko ɗaga kai don ciniki, masu gwanjon rigunan sanyi su ne sarakunan ranar. Muka sauka kusa da gada, na tsaya na kalli kogin. Tururi na tashi a kan ruwa, masunta na tuƙa kwale-kwale, ga masu ɗiban yashi cikin ruwa har ƙugu a wannan safiya. Nan take na daina jin tausayin kaina.

Filin ba wuyar ganewa, rumfunan tanti jere, lasifika na ta gwajin murya. A bakin shiga akwai tebur, wani ɗalibi yana rubuta sunaye a kan fararen kwalaye, kowa ya karɓa ya kafa a gaban kayansa. Taubashina ya faɗi nasa har da na kakansa. Da aka zo kaina, ɗalibin ya buɗe bakin ƙunshin ya leƙa.

"Baba, sunan wanda ya yi kayan za mu sa," in ji shi.

Bayana layi, mutane na jira, duk baƙin ido. Na buɗe baki, sunan ya taho har maƙogwaro ya tsaya. Sai na ji na faɗi nawa. Ya rubuta da sauri ya miƙo mini. Na ce a raina ai duk gida ɗaya ne, in masu zaɓen sun zo sai in yi bayani. Taubashina ya bari sai da muka shimfiɗa tabarma muka jera kaya. Sannan ya dubi kwalin, ya dube ni, ya ce bai san bawansa ya iya saƙar faifai ba, da tuni ya saya mini zane da ɗankwali.

Da yake masu saye ba su fara zuwa ba, na bar masa gadin kaya na shiga zagaye. Layin farko masu ɗinkin babbar riga ne, dattawa zaune sun miƙe ƙafa, allura na shiga tana fita ko kallonta ba sa yi. Ɗaya ya nuna mini wata riga ya ce tun kafin azumi yake kanta, har yanzu wuyan bai gamsar da shi ba. Gaba da su dukawa da jakunkuna da takalma, sai marina da hannayensu shuɗi har gwiwar hannu. Masaƙa su suka fi kowa dariya, domin gwado da luru ba sa kwana a irin wannan yanayi. Wajen magina kuwa kaskon wuta ake rububi, randa da tulu ko kallo. Na yi wa wani magini jaje, ya ce in bari bazara ta shigo, waɗannan da ke wuce randarsa su za su zo suna gaishe ta.

Ɓangaren ɗalibai shi ne baƙon abu a gare ni. Wani ya ƙera zakara da tarkacen babur, sarƙa ce wuyansa, fulogi ne bakinsa, kuma yana tsaye da ƙafafunsa kamar zai yi cara. Na tambayi kuɗinsa, na ji abin da zai cika akurki da zakaru masu rai, na yi masa fatan alheri. Wata ta zana gadar Wudil da fenti, har da masuntan da na gani ɗazu. Wani kuma ya zana mace ɗauke da ƙwarya, zanenta da ɗankwalinta duk sun fito, amma ba fuska. Na tambaye shi ko fenti ne ya ƙare. Ya yi murmushi, ya ce ya bar wurin ne don kowa ya sa fuskar tasa uwar. Na ɗan tsaya, na ga abin yana neman yin aiki a kaina, na wuce.

Ina tafe ina gwada karatuna a kan kwalayen. Wani in kama shi nan da nan, wani sai na haɗa shi baƙi-baƙi. Sunayen mata sun fi yawa. Na ga wata tsohuwa daga wajen Dagumawa zaune gaban tukwanenta. Ta ce ita ba ta san abin da aka rubuta ba, an dai ce mata sunanta ne. Amma duk lokacin da iska ta karkatar da kwalin sai ta miƙa hannu ta gyara masa zama kafin ta gyara mayafinta.

Da na dawo rana ta ɗaga, fili ya cika. Matan jami'a, matan gari, 'yan mata masu neman kayan ɗaki, duk sun yi dafifi a gaban tabarmata. Faya-fayan sun cancanci haka. Akwai mai kifaye suna bin juna a zagaye, akwai mai jan karan dafi da baƙi kamar bayan zabo, akwai ƙanana na rufe kofi. Sai dai kowace ta ɗauka ta juya, sai ta karanta kwalin, ta ɗago ta dubi gemuna, ta rufe baki da mayafi. Taubashina ya samu abin da yake so. Ya ce musu ai ba su ga komai ba, a ƙauyenmu har kitso nake yi, ranar suna ni ake kira daka. Wata ta tambaye ni yadda nake haɗa wannan koren. Na ce sirrin gida ne. Gaskiya na faɗa, domin ni ma an ɓoye mini shi.

An sayi ƙananan da kuɗin da dillalinmu ko a mafarki bai taɓa furtawa ba. Ya kamata in yi murna, kuma na yi. Amma duk wadda ta ce sannu da aiki Baba, sai in ji kamar na sa takalmin wani a masallaci.

Gab da azahar wata malama ta iso, ɗalibin nan na bakin tebur yana biye da ita da takarda. Mace ce mai tabarau, ta ɗora rigar sanyi a kan atamfa, da ɗan gicciye a wuyanta, Hausarta irin ta mutanen Filato. Ta gaishe mu har da tambayar iyali da sanyi, sannan ta durƙusa ta ɗauki babban faifan, wanda na jingina a baya ban sa masa kuɗi ba. Ta daɗe tana kallonsa. An raba shi gida-gida, kore a jere, siraran layuka shuɗi na ratsa tsakani. Gida ɗaya can gefe an bar shi da launin busasshiyar kaba. Ta ɗora yatsa a kansa ta tambayi me ya sa wannan ba kore.

Kullum faifan nan yana gabana a tsakar gida ana saƙa shi, amma sai a lokacin na gan shi. Lambun marigayi surukina ne, mijinta. Fangalinsa ne, gidajen da ake dasa kayan lambu, da hanyoyin ruwa, da guda ɗayan da ya gyara bai kai ga dasawa ba.

"Baba, kai ka saƙa wannan?" in ji ta, a hankali.

"A'a, Malama. 'Yata ce. Tana gida, tana takaba."

Ta aje faifan a cinyarta ta yi mini ta'aziyya kamar yadda ake yi. Sannan ta ce abokan aikinta sun wuce ta nan tun da safe, kayan sun burge su, amma da suka ga sunan namiji suka tsallake, domin zaɓen na mata ne. Sun kusa rufewa, bayan salla za a sanar. In ina so a sa 'yata, in ba da sunanta yanzu. Na ce Ummi. Ɗalibin ya duba takardarsa ya ce Ummi uku gare su tun safe, sunan yanka suke so, wanda ke kan katinta.

Na juya wajen taubashina.

"Kada ka dube ni," in ji shi. "Sunan gwaggona ne. Ita ta goye ni, a ɗakinta aka yaye ni. Kai da ka sha nononta ka kasa, ni zan iya?"

Wannan ne karo na farko tun asuba da ya yi magana ba wasa a ciki. Ga mu manya biyu da gemu, zaune gaban kaya, an tambaye mu abin da yaron goye zai amsa, kowa na tura wa ɗan'uwansa. Ɗalibin ya so ya taimaka. Ya ce zai riƙa kiran sunaye, in ya zo kan nata in gyaɗa kai. Ya fara jerowa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taya kaya. Na ɗaga masa hannu na ce ya tsaya. Na san ana yin haka, a asibiti ma na ga mata suna yi. Amma ban so a yi farautar sunan uwata a tsakiyar kasuwa ina gyaɗa kai ba.

Malamar ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma mahaifiyarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan babansu ba, ko a gaban likita. Ta tambaya ko na iya rubutu. Taubashina ya riga ni amsawa, ya ce ni ne na ɗaya a ajinmu, shi kuwa yana riƙe da ƙarshen ajin don kada ya faɗi. Ta karɓi sabon kwali da alƙalami mai kauri daga hannun ɗalibin ta aje a kan tabarma. Ta ce tana bakin tebur har a idar da salla, ta miƙe ta tafi.

Na ɗauki kwalin na zagaya bayan rumfuna, inda ake hango kogi. Taubashina ya bar wa mai kayan da ke kusa da mu gadin kaya ya biyo ni. Na zauna a kan wani kututture ina juya abin a raina. Rubutawa da faɗi, ɗaya ne ko daban? Ban taɓa jin an yi wannan tambaya ba, domin a gidanmu kafin ni ba wanda ya riƙe alƙalamin boko. Na tuna mahaifiyata ma faifai take saƙawa, ita ta koya wa takwarar tata. Faya-fayanta sun shiga gidaje da yawa, sun rufe fura sun rufe tuwo, sun tsufa an yar, ba wanda ya san hannun wa. Kunyar da nake ji don girmama su biyun ne. To in kunyar ta tura ɗaya wanke-wanke a gidan da ba ta san kowa ba, ta bar 'yarta tana kuka, wa na girmama? Da na kai nan sai na ji zuciyata ta tsaya wuri ɗaya.

Saura wata matsala. Malaminmu ya saba mana da furta kowane baƙi da ƙarfi yayin da muke rubuta shi, har ya zame mini jiki, ban iya motsa alƙalami bakina a rufe ba. Na ɗora kwalin a gwiwa, na cije leɓe. Taubashina ya juya mini baya ya tsaya yana kallon masunta, ya baza rigarsa kamar labule, ko waiwaye bai yi ba. Na fara. Hannu ya yi nauyi don sanyi, baƙin farko ya fito ƙato, na ƙarshe ya matsu a bakin kwali. Na rubuta nawa a ƙasa, ƙarami, a matsayin uba. Ban yi sauri ba, ban kuma goge ko ɗaya ba. Da na gama na duba. Layin ya karkace kamar kunyar sabon manomi, amma duk mai ido zai karanta.

Na kai wa malamar a kife. Ta juya ta karanta a zuciyarta, ta kwafa a takardarta, ta maido mini da shi a kife kamar yadda na kawo. Na cire wancan na safe na sa a aljihu, na kafa wannan a gaban kaya, muka tafi masallaci.

Bayan salla lasifika ta yi gyaran murya, aka fara kiran sunayen matan da aka zaɓa. Aka kira tsohuwar nan mai tukwane, aka kira wata mai rini. Muna tsaye gefen mai suyar kifi sai na ji shi. Ya fito daga lasifikar ya bi ta kan rumfuna har bakin ruwa, cikakke, da nawa a bayansa. Rabona da jin sunan nan a bainar jama'a tun ranar da liman ya faɗe shi a ƙofar gidana da safiyar suna. Na tsaya daram, ban sunkuyar da kai ba. Taubashina ya cire hula ya goge fuska da ita, ya ce hayaƙin mai kifin nan ba shi da tarbiyya.

Malamar ta sake zuwa. Ta ce in 'yata ta fita takaba in kawo ta su gana, kafin nan kuma ta ci gaba da saƙa, za su karɓa. Ba ta yi mini alkawarin arziki ba, ta ce dai aiki ne mai ɗorewa ga wadda ta riƙe shi. Ta nemi in sayar mata da babban faifan. Na ce wannan sai na tambayi mai shi. Ta ce haka ya kamata.

Sauran yinin ya yi daɗi. Duk wadda ta karanta sabon kwalin sai ta ɗago ta ce ina mai faifan, in ce tana gida, 'yata ce. Na faɗi wannan magana sau da yawa har ta yi mini sauƙi a baki. Taubashina ya rasa abin tsokana, ya koma tallan muciyoyinsa, yana rantse wa mata cewa tasa ba ta barin gudaji ko da amarya ce ke tuƙin. Ya sayar da fiye da rabi. Muka ci soyayyen kifi da gurasa mai ƙuli da yaji a bakin gada, shi ya biya ba tare da na roƙa ba. Na sayi ɗan kaskon wuta na ɗakin mai takaba, da rake na jikata.

Da la'asar sakaliya muka ɗaure abin da ya rage. Na sunkuya zan ɗauka, ya ture hannuna ya ɗora ƙunshin a kansa. Ya ce kada in ɗauka don ni ya yi, kayan takwarar gwaggonsa ne, ba a bar wa bawa irin wannan. A mota kuwa ya yi wuf ya shige tsakiya, ya bar mini bakin taga.

Ana kiran magariba muka shiga gari. Bayan na yi salla na shiga cikin gida, na iske ta a ƙofar ɗakinta, yarinyar na barci a cinyarta, uwarta na gefe tana kwashe tuwo. Na aje kaskon, na aje kuɗin a ƙulle, na aje babban faifan na ce an taya na ce sai an tambaye ta. Na ba su labarin malamar da abin da ta ce. Sannan na miƙa mata kwalin. Ita ta yi firamare, karatu ba ya ba ta wuya. Ta matso da shi kusa da fitila. Ta karanta, ta sake karantawa, ta bi layin da yatsa har inda ya matsu.

"Baba, wannan ai hannunka ne."

Na ce wa uwarta tuwon nan zai huce.

Washegari da hantsi ina gyaran danga na ji tana ce wa uwar a aika wa inna ta Kano ta nemi wata, ita tana da aiki a gida. Ta kuma ce a gaya mini kaba ta kusa ƙarewa, galura kore ma haka. Babban faifan ta ce ba na sayarwa ba ne, amma za ta saƙa wa malamar wani. Kwalin yana nan ta soke shi a saman ƙofarta, duk mai shiga sai ya gan shi.

Abin da na ƙaru da shi a wannan tafiya ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Na ga aikin hannunmu yana da masu so, in an kai shi inda ake tambayar wa ya yi. Na ga kada mutum ya zauna gaban mota da sanyi bai gwada gilashi ba. Na kuma ga amfanin zaman da nake yi bayan la'asar a kan bencin yara, gwiwoyina na taɓa haɓa. Na shiga ajin ne don in daina dangwala yatsa a banki, ban san akwai ranar da hannuna zai ɗauke wa bakina nauyi ba.

Bakin kuwa yana nan yadda yake. Jiya na dawo daga Darki da damin kaba, na tsaya a tsakar gida na ce ina yarinyar nan. Ta amsa daga ƙarƙashin sunanta.